Tarihin Abdul Halim Hafiz, Mabushin Da Ya Zama Mawaƙi, Da Yadda Za Ka Gane Kayan Kiɗan Da Ke Bayansa

Yau dai Masar za mu leƙa, wajen wani mawaƙi da ya rasu tun 1977, lokacin iyayen da yawa daga cikinmu suna yara, amma har gobe waƙoƙinsa na tashi a gidajen rediyo da motocin haya na Alƙahira. Sunansa Abdul Halim Hafiz. In za ka neme shi a YouTube, rubuta Abdel Halim Hafez, haka aka fi rubutawa.

Na san wani zai ce shi bai taɓa jin sa ba. To in ka san waƙar Jay-Z mai suna Big Pimpin', ka ji kiɗansa. Wannan busar da ke ta juyawa tun daga farkon waƙar har ƙarshe, asalinta daga wata waƙar Abdul Halim ne. Za mu zo wajen.

Abin da ya sa na zaɓe shi shi ne, mutumin nan kafin ya zama mawaƙi mabushi ne. Sai da ya zauna a kujera cikin makaɗa, yana jiran a ba shi alama ya yi busa, kafin daga baya ya miƙe ya tsaya a gabansu. Ni a ganina nan mabuɗin waƙoƙinsa yake. Duk wanda ya saurari muryarsa kawai ya tsallake kiɗan, wallahi rabin waƙar ya ji. Don haka zan kawo muku tarihinsa, ina yi ina nuna muku kayan kiɗan da ke bayansa ɗaya bayan ɗaya, yadda gobe in ka sa waƙar za ka iya cewa wannan kaza ne, wancan kaza ne.

Haihuwarsa da maraicinsa

An haife shi ranar 21 ga Yuni, 1929, a wani ƙauye da ake kira Halawat a lardin Sharƙiyya, arewa maso gabas da Alƙahira. Sunansa na yanka Abdul Halim Ali Shabana, shi ne auta cikin 'ya'ya huɗu. Mahaifiyarsa ta rasu jim kaɗan bayan haihuwarsa, mahaifinsa ma bai daɗe ba ya bi ta. Haka ya tashi maraya gaba da baya, tsakanin gidan kawunsa da gidan marayu a garin Zaƙaziƙ.

A wannan ƙuruciyar ya kwaso ciwon da ya zama ajalinsa. Kamar sauran yaran ƙauye, yana shiga magudanan ruwan noma da ake janyowa daga Kogin Nilu, a nan tsargiya ta kama shi. E, tsargiyar nan dai da muka sani, wadda yara ke ɗauka a kududdufi da rafi. Ƙwayar cutar na zama a jikin katantanwar ruwa, ta fito ta huda fatar mutum ta shige jini. Akwai mai sa fitsarin jini, akwai kuma mai bin hanji ta je ta lalata hanta a hankali. Shi hantarsa ta taɓa. Ku riƙe wannan, don duk waƙoƙin da za mu yi magana a kansu, mai ciwo ne ya rera su.

Yayansa Isma'il Shabana mawaƙi ne, shi ya fara sa shi a hanya. A 1943 Abdul Halim ya shiga makarantar koyon kiɗan Larabawa a Alƙahira, ya ci gaba har babbar makarantar kiɗan wasan kwaikwayo, ya gama a 1948. A can ya haɗu da Kamal al-Tawil, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masu ɗora masa karin waƙa. Amma takardar da Abdul Halim ya fito da ita ta busa ce. Abin da ya ƙware a kai shi ne obo.

Mene ne obo?

In ka san algaita, ka san dangin obo. Duka biyun itace ne mai huji-huji, a bakinsa akwai ɗan tsinke mai harshe biyu da ke karkarwa in an hura iska. Bambancin shi ne algaita ta fada ce da fili, ƙararta na kaiwa nesa, shi kuwa obo an yi masa maɓallan ƙarfe an lallashe shi har ya iya zama cikin ɗaki. Muryarsa siririya ce, kamar ta hanci take fitowa, da ɗan kuka-kuka a ciki. A manyan ƙungiyoyin kiɗa na Turai, mai obo ne ke fara ba da sauti guda kowa ya daidaita kayansa a kai kafin a fara.

Wahalar obo ita ce ƙofar iskar 'yar ƙarama ce. Ba ya son a hura da ƙarfi, so yake a riƙe numfashi a dinga sakin sa kaɗan-kaɗan daidai wa daida. To yanzu je ka saurari yadda Abdul Halim ke rera waƙa. Ba ya ihu. Yana jan layi mai tsawo da numfashi guda, ya sauke shi a hankali, wani lokaci ƙarshen kalmar ma kamar raɗa. Ni dai duk sanda na ji haka, mai obo nake ji ya ajiye obon yana busa da maƙogwaronsa.

Wannan salon sabon abu ne a lokacin. Manyan mawaƙan da suka gabace shi sun taso ne a zamanin da sai mai ƙarfin murya ke cika zaure. Shi kuwa ya zo a zamanin makirfo, ya kuma gane cewa in ka matso kusa da makirfo, ko raɗa ka yi na bayan zaure zai ji.

Daga kujerar makaɗa zuwa gaban makirfo

Da ya gama makaranta ya yi 'yan shekaru yana koyar da kiɗa a makarantu, a Ɗanɗa da Zaƙaziƙ da Alƙahira. Daga nan ya bar koyarwa ya shiga ƙungiyar makaɗan gidan rediyon Masar a matsayin mai obo. A gidan rediyon ne wani babban ma'aikaci, Hafiz Abdul Wahab, ya ji muryarsa ya tsaya masa, har ya ba shi aron sunansa. Daga nan Shabana ya koma Hafiz.

Farkon abin bai zo da sauƙi ba. A 1952 ya rera Safini Marra, wadda Muhammad al-Mougi ya yi wa kari, a gaban jama'a a Iskandariyya, mutane suka ƙi karɓa. Kunnensu bai saba da irin wannan sanyin ba. Bai canza salo ba. A watan Yunin 1953, a bikin da ya zo daidai da ayyana Masar a matsayin jamhuriya, ya sake rera ita wannan waƙar dai, sai ga shi an karɓe ta hannu bibbiyu. Bayanta Kamal al-Tawil ya yi masa Ala Ad el Shouq, daga nan kuma sai hamdala.

A 1955 ya shiga fim da Lahn el Wafa tare da Shadiya, a shekarar kuma ya fito a Ayyamna el Helwa tare da Fatin Hamama da Umar Sharif. Gaba ɗaya finafinai 16 ya yi, na ƙarshe shi ne Abi Foq el Shagara na 1969. Ku masu son finafinan Indiya ba za ku ji baƙunta ba, soyayya ce da waƙa, sai dai shi da kansa yake fitowa ya kuma rera, babu mai ara masa murya. Mutanen Masar suka yi masa laƙabi da Al-Andalib al-Asmar. Andalib tsuntsu ne mai zaƙin kuka, kamar dai kanari a wajenmu, asmar kuwa wankan tarwaɗa ke nan.

Su waye ke zaune a bayansa?

A nan nake so mu ɗan zauna. Asalin ƙungiyar kiɗan Masar 'yar ƙarama ce, ana kiranta takhat, mutum biyar ko shida: mai ud, mai ƙanun, mai nay, mai goge, mai riƙ. Daga shekarun 1930, musamman ta hannun Muhammad Abdul Wahab da finafinai, aka yi ta ƙara mutane da kayan Turawa har ta zama firƙa, wato babbar ƙungiya mai makaɗa da yawa. A irin wannan Abdul Halim ya yi aiki. Ga yadda za ka gane kowa.

Masu goge. Su ne suka fi yawa, za ka gan su jere a bidiyo hannuwansu na tafiya tare. Wannan gogen Turawa ne mai tsirkiya huɗu da ake maƙalewa a wuya, Larabawa na ce masa kaman ko kamanja. Namu gogen tsirkiya ɗaya ce ta izga, amma aikin iri ɗaya ne, gogawa ake yi. Duk sanda ka ji sauti mai santsi da yawa ya taso kamar iska ta kaɗa labule, su ne. Babban aikinsu shi ne amsa wa mawaƙi. Zai faɗi layi ya yi shiru, su cike gurbin da 'yar gajeriyar amsa. Larabawa na kiran wannan amsar lazma. Mu da muka tashi da waƙar Shata da 'yan amshinsa ai ba sai an yi mana dogon bayani ba: masu goge su ne 'yan amshin Abdul Halim.

Shelo da kontirabas. Su ma dangin goge ne amma manya. Shelo a zaune ake goga shi tsakanin gwiwoyi, muryarsa kamar ta namiji mai kauri. Kontirabas kuwa tsayinsa ya kai mutum, a tsaye ake kaɗa shi, kuma a waƙoƙin Masar galibi da yatsa ake tsinkar tsirkiyarsa. Wannan “dum, dum” mai taushi da kake ji can ƙasa, wanda ba ganga ba, shi ne. Lasifikar waya ba ta fito da shi, sai ka sa iyafis.

Ƙanun. Faffaɗan akwati ne da ake ɗorawa a cinya ko kan tebur, tsirkiyoyinsa sun haura 70, ana kaɗa su da 'yan ƙumba na roba ko ƙaho da ake ɗaurawa a yatsun manuniya. Sautinsa ƙyal-ƙyal yake, kamar an watsa tsakuwoyi a faranti amma da daɗi. In ka ji an yi gudu daga sama zuwa ƙasa cikin ƙiftawar ido da sauti mai walƙiya, ƙanun ne.

Ud. Wannan kakan su jita ne, cikinsa kamar rabin ƙwarya, wuyansa gajere, kuma babu ƙarafunan nan da ke gindaye a wuyan jita. Shi ya sa yatsa ke iya zamewa a kai yadda yake so. Sautinsa mai kauri ne, ba ya daɗewa yake mutuwa, ya fi kusa da molo ko garaya. A cikin babbar ƙungiya yakan nutse, sai an yi masa shiru kake jin sa da kyau.

Nay. Sarewa ce ta kara, buɗe take sama da ƙasa, a karkace ake busa ta. Hanyar gane ta mai sauƙi ce: za ka ji hucin iskar mai busar ya gauraya da sautin. Obo sautinsa a matse yake babu huci, nay kuwa sai da huci. Mai nay yakan zo da su da yawa, manya da ƙanana, yana canzawa gwargwadon waƙa.

Ɗabla da riƙ. Kada sunan ya ruɗe ka, ɗablar Masar daban take da tablar Indiya mai ganguna biyu. Wannan ganga ɗaya ce mai ƙirar turmi, wasu na ce mata darbuka, ana ɗora ta a cinya. Sauti biyu ne ginshiƙinta: dum a tsakiya, tak a baki. Kiɗan da za ka fi ji ana kiransa maƙsum, yana tafiya kamar haka: dum tak, tak dum, tak. Riƙ kuwa ƙaramin bandiri ne mai kacau-kacau na tagulla a gefe. Ka raina shi a ido, amma a tsohon tsari mai riƙ ne ke riƙe wa kowa lokaci.

Wanda ya yi kari daban, wanda ya raba kiɗa daban

A wajenmu sau da yawa mawaƙi shi ke rubuta waƙarsa ya ɗora mata kari, ya shiga situdiyo mai fiyano ya haɗa masa kiɗa. A Masar ta wancan lokacin aikin kashi huɗu ne. Akwai marubuci, akwai mai ɗora kari, akwai mawaƙi, sannan akwai wanda suke kira muwazzi', wato mai rabo. Shi ne zai zauna da takarda ya ce wannan layin na masu goge ne, nan nay zai shigo, nan kowa ya yi shiru a bar ƙanun. Babban mai rabon da ya yi wa Abdul Halim aiki shi ne Ali Isma'il, wanda ya rasu a 1974. Kowa ya san mawaƙin, kaɗan ne suka san Ali Isma'il, alhali yawancin abin da ke sa tsigar jikinka tashi tsakanin layi da layi, irin aikinsa ne.

A tsohon tsari duk makaɗan kari ɗaya suke bi, kowa na yi masa ado ta hanyarsa. Masu rabo irin su Ali Isma'il suka shigo da dabarar Turawa, ta yadda wasu na tafiya a sama wasu a ƙasa, kowa da hanyarsa, amma in sun haɗu sai su dace. Ga waƙoƙin da za ka gwada kunnenka a kansu.

Ahwak, daga fim ɗin Banat el Yom na 1957, karin Muhammad Abdul Wahab ne. Da ita nake so ka fara, don a fim ɗin ma a gaban fiyano yake zaune. Fiyanon gaske fa, na katako mai tsirkiya a ciki, ba na lantarki ba. Bi fiyanon da kunnenka, ka lura da lokacin da masu goge ke shigowa su lulluɓe shi.

Khosara, ita ma 1957, daga fim ɗin Fata Ahlami, karin Baligh Hamdi ne, lokacin yana saurayi ɗan ashirin da 'yan kai. Wannan ce Timbaland ya ɗauki busarta ya gina wa Jay-Z Big Pimpin' a 1999. A 2007 wani daga cikin magadan Baligh Hamdi ya kai ƙara kotu a Amurka, aka yi ta shari'a har 2015, alƙaliya ta kori ƙarar bisa cewa an riga an sayar da haƙƙin waƙar, ba shi da hurumin kai ƙara. Abin lura a nan: ba muryar Abdul Halim aka ɗauka ba, 'yan daƙiƙoƙin kiɗan share fage ne, irin wanda mu muke tsallakewa. Su ne suka riƙe waƙar da ta zaga duniya bayan shekara arba'in da 'yan kai.

Hikayat Sha'ab ta 1960 tana cikin waƙoƙin kishin ƙasa da ya yi a zamanin Jamal Abdul Nasir, tana ba da labarin gina madatsar ruwa ta Aswan, karin Kamal al-Tawil ne. A nan za ka ji 'yan amshi na gaske, maza da mata, suna ba shi amsa kamar taron gari. Irin waɗannan waƙoƙin ne suka sa ake kallonsa a matsayin muryar zamanin Nasir. Da Masar ta sha kaye a yaƙin 1967 kuwa, ya rera Ada el Nahar, rubutun Abdurrahman al-Abnudi, karin Baligh Hamdi. Saurari biyun a jere ka ji yadda kiɗa ke sauka daga alfahari zuwa makoki.

Sawah ta 1966, rubutun Muhammad Hamza, karin Baligh Hamdi. A nan Baligh ya ja shi zuwa kiɗan gargajiya na talakawa. Ganguna sun matso gaba, 'yan amshi na karɓa, jiki na motsawa. In kana son koyon bin ɗabla da riƙ, nan ne makarantarka.

Shekarun 1970: jita, ogan da saksafon

Bayan fim ɗinsa na ƙarshe ya koma kan dandali, waƙoƙin kuma suka yi tsawo. Zay el Hawa ta 1970 da Mawood ta 1971 kowacce ta haura rabin sa'a in a gaban jama'a ne. Ƙungiyar da ke bayansa ita ce Al-Firƙa al-Masiyya, wato ƙungiyar lu'ulu'u, ƙarƙashin Ahmad Fu'ad Hasan, wanda shi kansa mai ƙanun ne.

A nan ne Abdul Halim ya buɗe wa matasa ƙofa da kayan da dattawa ke yi wa kallon na gidan rawa. Umar Khurshid ya zo da jitar lantarki, sautinta tsaf-tsaf da ɗan amsa-kuwwa a bayanta. Majdi al-Husaini da Hani Mihanna suka zo da ogan, wato kakan fiyanon da ake aiki da shi a situdiyoyinmu yau. Za ka gane ogan da cewa sautinsa ba ya yankewa muddin yatsa na kan maɓalli, kuma yana ɗan karkarwa. Samir Surur ya zo da saksafon, wannan ƙahon tagulla mai lanƙwasa, muryarsa ta fi ta obo faɗi da kauri, kamar mai magana da murar da ta fara warkewa. Akwai kuma akodiyon, wanda ake rungumewa a ƙirji ana ja ana matsawa kamar zugazugin maƙera.

Akwai wata matsala da sai da suka warware. A fiyano, tsakanin farin maɓalli da baƙin da ke maƙwabtaka da shi babu komai. Kiɗan Larabawa kuwa yana da sauti a daidai wannan tsakanin, kuma manyan kare-karensu irin su Rast da Bayati ba sa yiwuwa sai da shi. Goge da ud ba su da damuwa, yatsa ne ke nemo wurin. Amma akodiyon da ogan sai da aka taɓa cikinsu aka sauke wasu maɓallan, mai saksafon kuwa da leɓe da dabarar yatsu yake lanƙwaso sautin. Shi ya sa kayan na Turawa ne amma da Larabci suke magana. Har yau Yamaha da Korg na ƙera fiyano na musamman don kasuwar Larabawa saboda wannan.

Kalli bidiyon waɗannan waƙoƙin ka ga wani abu. Ana fara muƙaddima, wato kiɗan share fage, mai ɗaukar mintoci da yawa, Abdul Halim zai juya wa jama'a baya ya fuskanci makaɗa, yana ba su alama da hannu. Mai jita zai yi nasa, ya miƙa wa mai ogan, shi ma ya miƙa wa mai saksafon, masu goge su kwashe gaba ɗaya. In wani ya burge, jama'a su yi tafi, a maimaita masa wurin. Mawaƙin da ake rububin gani ya tsaya yana sauraron yaransa. Tsohon mai obo ne, ya san abin da ake ji in kana zaune a baya babu wanda ya san sunanka.

Babbar waƙarsa ta ƙarshe ita ce Qariat el Fingan, ma'ana mai duba a kofin gahawa. Rubutun Nizar Ƙabbani ne, mawallafin nan na Siriya, karin kuma na al-Mougi, mutumin da ya yi masa Safini Marra tun farko. Ya rera ta a bikin Sham el Nasim na 1976, tsawonta ya kusa sa'a guda. A daren wasu daga cikin jama'a suka yi ta hayaniya da fito, har ya tsaya ya yi musu faɗa, ya mayar musu da fiton. An yi ta sukarsa a kan haka. Ni kam ina fahimtarsa. Mutum na fama da ciwo, an sha wahalar atisaye, an tsara wuraren da kiɗa zai yi ƙasa-ƙasa don a ji kowane layi, sannan a zo a rufe su da surutu. Ko kai ne sai ranka ya ɓaci.

Rasuwarsa

Tun tsakiyar shekarun 1950 ciwon ya bayyana. Hanta ta lalace, jijiyoyin maƙoshinsa na fashewa yana aman jini. Ya yi ta zarya tsakanin Alƙahira da asibitocin Turai, musamman Landan, a yi masa aiki ya dawo ya hau dandali. Ƙwayar maganin tsargiya da ake raba wa yara a makarantu yanzu ba ta bazu ba sai bayan rasuwarsa. Ya rasu ranar 30 ga Maris, 1977, a asibitin King's College da ke Landan, yana da shekara 47. Aka kawo gawarsa Alƙahira, taron jana'izarsa ana jera shi da na Nasir a 1970 da na Ummu Kulsum a 1975 wajen yawan jama'a. An binne shi a maƙabartar Basatin.

In akwai ƙaninka da ke wanka a kududdufi yana fitsarin jini, don Allah a kai shi asibiti. Ciwon da ya kayar da Abdul Halim ke nan, kuma yau maganinsa na nan.

Yadda za ka saurare shi

Ga shawarata. Ɗauki waƙa ɗaya, misali Zay el Hawa ta dandali, sa iyafis, kada ka tsallake muƙaddima. Karo na farko bi ganguna kawai, ka nemo dum ka nemo tak, ka ji kacau-kacau ɗin riƙ a samansu. Karo na biyu sauka ƙasa wajen kontirabas. Karo na uku, duk sanda ya yi shiru tambayi kanka wa ya amsa masa, masu goge ne gaba ɗaya ko mutum ɗaya aka bari. Daga nan buɗe bidiyon ka duba ko ka canka daidai, don mai kyamara yakan nuna wanda ke kaɗawa. Rashin jin Larabci ba zai hana ka komai ba, mu da muka haddace waƙoƙin Indiya ba mu jin Indiyanci.

Ku kuma 'yan uwana masu kiɗa a situdiyo, wannan ya fi shafarku. Muryoyin da kuke dannawa a fiyano, na goge da na sarewa da na saksafon, duk kwaikwayon waɗannan mutanen ne. Mai sarewa na gaske dole ya tsaya ya ja numfashi. Mai goge ba ya tsalle daga sauti zuwa sauti, zamewa yake yi. Kuma ba kowa ke magana lokaci guda ba, wani na yi wani na jira. In ka san haka, ko da fiyano ɗaya kake aiki, kiɗanka zai fi numfashi. Sannan in waƙa ta fita, a dinga rubuta sunan wanda ya yi kiɗan kusa da na mawaƙi. Su Umar Khurshid da Samir Surur mun san su yau ne saboda mai gidansu ya ba su fili an gan su.

A nan zan dakata. Wanda ya gwada ya gano nay da obo da saksafon ba tare da ya kalli bidiyo ba, ya ci jarrabawa. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.